3.2 Hanyoyin Gane Tsohon Murhun Lantarki

Ba tsatsa ko kojewar fenti ke nuna shekarun murhu ba. Abin da ake fara dubawa shi ne ɗan allon ƙarfe da kamfani kan maƙala a bayansa ko a bakin tanda, mai ɗauke da suna, lamba, da ƙarfin wutar da yake ja. Na biyu shi ne siffa. Murahun Amurka na shekarun 1920 kan tsaya bisa dogayen ƙafafu, tandarsu a gefe, alhali na shekarun 1950 akwati ne guda har ƙasa. Daga ƙarshe, wajibi ne a binciki wayoyin ciki, domin da yawa an naɗe su da asbesto, wanda shaƙar ƙurarsa kan haddasa ciwon daji.