Kiran Talotalon Daji A Amurka, Da Zabon Dajinmu Na Kunci

A makon jiya na kai ziyara wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Gari don duba rumbuna. Da muka gama sai wani saurayi ya nuna mini hoto mai motsi a wayarsa, wani Bature zaune gindin itace yana goga ɗan akwati, talotalon daji na tahowa wurinsa da ƙafarsa. Ya ce, “Malam, wannan dabara za ta ci zabon daji kuwa?” Na ce za ta ci, amma akwai magana. Ita ce na kawo muku yau.

Talotalon nan da muke kiwo asalinsa tsuntsun daji ne na ƙasashen Amurka ta Arewa, kuma har yanzu danginsa suna can cikin kurmi. A watan Afrilu da Mayu namijin yakan yi ta kururuwa tun da asuba daga kan itacen da ya kwana. Bisa al'ada mace ce ke bin muryarsa ta je ta same shi. Aikin maharbi shi ne ya juya wannan al'ada, watau ya kwaikwayi kukan mace har namijin ya gaji da jira ya taso da kansa.

Abin kiran iri iri ne. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da a ke gogawa, akwai allon dutse da a ke karta da tsinke, akwai 'yar roba da a ke maƙalawa a ganda don hannu biyu su zauna kan bindiga. Mutanen ƙasar na asali da ƙashin fiffiken tsuntsun suke yin nasu, suna tsotsa. Amma gwanayensu sun ce kayan kira ba su ne farauta ba. Tun da duhu mutum zai yi kukan mujiya, gama namiji yakan amsa kowace ƙara ba shiri, ta haka a san itacen da yake. Sa'an nan a matso kamar yadi 100 ko 150, a zauna a jingina da itacen da ya fi kafaɗa faɗi. A yi kira kaɗan a hankali. In ya amsa, sai a yi shiru. Nan ne yawancin sababbin hannu ke ɓata abin: suna jin ya amsa sai su ƙara kira, shi kuwa sai ya tsaya cik yana jiran macen ta ƙaraso, tun da ta nuna ta fi shi matsuwa. Shirun shi ke jawo shi. Ba a harbi sai ya shigo yadi 40, kuma ko yatsa ba a motsawa, don ganinsa ya fi na mutum nesa ba kusa ba.

To, wanda ya taɓa bin maharbanmu ya san ba baƙon abu aka faɗa ba. Mai ɗaura kan burtu a goshi ya lulluɓa da baƙin zane, yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, yaudarar ido yake yi, Bature kuwa yaudarar kunne. Wani tsohon maharbi da na zauna da shi ina yaro ba ya fita sai ya kwana biyu yana sauraro. Da magariba yakan ji tsamiyar da garken zabi ya hau, da asuba ya ji surin da fakara ke tsayawa tana cara. Ya san zabi sukan bi hanya ɗaya zuwa ruwa, a jere. Shi ya koya mini cewa zabuwa kaɗai ke yin kukan nan mai gaɓa biyu, “kurkyat, kurkyat”. Zabo gaɓa ɗaya ke gare shi. In garke ya watse, wanda ya iya kukan zabuwa ya ɓuya ya yi haƙuri, sai ya ga suna dawowa ɗai ɗai.

Ga inda maganar take. Namijin talotalo mata da yawa yake bi, kuma da ya yi barbara ya gama aikinsa, ba ruwansa da ƙwai ko 'ya'ya. Saboda haka a can doka ta yarda a harbi mai gemu a lokacin, ta hana taɓa mai kwanci. Zabon daji ba haka yake ba. Da ruwa ya sauka garke yakan rabu biyu biyu. Zabuwa ta yi sheƙa a ƙasa cikin ciyawa, ta kwanta kwana 26 zuwa 28, namijin yana gadi kusa, in an ƙyanƙyashe kuma shi ma yana tsare 'ya'yan yana nuna musu ƙwari. A lokacin ne ya fi saurin amsa kira, kuma a lokacin ne kashe shi ya fi ɓarna. Bugu da ƙari, daga nesa ba ka rabe zabo da zabuwa. Ƙahon kansa da leɓensa sun ɗan fi nata girma, amma wa ya tsaya auna leɓe cikin gero?

Mutanen Amurka sai da suka sha wuya kāna suka koyi wannan. Wajen 1930 talotalon daji ya kusa ƙarewa saboda sare kurmi da harbi ba ƙaidi. Suka gwada kiwonsa a keji suna saki, bai yi ba, don na keji bai san dila ba. Sai a 1951, a Jihar Karolina ta Kudu, aka fara kama na daji da tarun da a ke cillawa da albarushi, ana kai su inda suka ƙare. Bayan fiye da shekara 50 sun wuce miliyan 6.

Mu kam a ƙasar Kunci gona ta haɗe da gona, daga nan har Kazaure da Bici da wuya ka sami saurar da zabuwa za ta ɓoye sheƙa. 'Yan da suka rage suna bakin fadama da gefen burtali. Abin da na fi gani yana cinye su ma ba bindiga ba ce, ɗiban ƙwai ne. Yaro ya tarar da sheƙa wajen noma, ya kwashe duka 12 ya kai wa kaza. Ga kuma ƙunar daji, ga maganin feshi da ke kashe fara da gara, abincin 'ya'yansu.

Abin da na faɗa wa saurayin nan ke nan. Ya koyi kiran, ya gwada shi kan zabin gidansu har su riƙa amsa masa. Amma daga saukar ruwa har a yanke dawa, ya rataye bindiga. Da kaka, in garke ya haɗu 'ya'ya sun yi ƙwari, ya ɗauki ɗaya ko biyu ya bar saura. In kuwa ya ci karo da sheƙa a gonarsa, ya bar mata ciyawa taki biyu kowane gefe, ya zagaye da fartanya ya wuce.