Abincin dare a lokacin noma

Uwargida, da damina kina dawowa daga gona a gajiye, yara sun fara gyangyaɗi. Yaron da kullum yake kwana da fura kaɗai, ramewa zai yi. Don haka ki shirya abincin dare tun da safe. Kafin ki fita, ki jiƙa wake, zai dahu da wuri, ba zai ci itace ba. Ranar da kike gida, ki tanadi tsakin gero, ki shanya zogale a inuwa. Dambu da zogale, garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai, ya ishi iyali. Ki zuba wa ƙaramin yaro a kwanonsa daban. Abin da ya kwana kuwa, ki ɗumama shi sosai don gudun zawo.