"Tura Min": Tafiyar Waƙa Daga Garmaho Zuwa Wayar Hannu

Ranar wata Asabar na shiga a-daidaita-sahu daga Ƙofar Nasarawa zan je Zoo Road. Direban, yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ya ƙure sautin wata waƙa har ƙarfen da na dafa yana rawa. Na buɗe baki zan ce ya rage, sai dattijon da ke gefena ya riga ni magana, amma ba abin da na zata ya faɗa ba. Cewa ya yi, "Yaro, wannan ta wane ce?" Direban ya faɗa masa, ya ƙara da cewa ai jiya-jiya ta fito. Dattijo ya laluba aljihun babbar riga ya zaro waya: "To tura min." Kafin danja ta sake mu, waƙa ta bar wannan waya ta shiga waccan, ba a biya ko sisi ba, mawaƙin kuma bai san an yi ba.

Abin da na tsaya ina tunani bayan na sauka shi ne, wannan "tura min" ɗin ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Bahaushe bai iya jin daɗin waƙa shi kaɗai ba. In ta ratsa shi sai ya nemi wanda zai jiyar, ko da kuwa baƙo ne a mota. Abin da ke sauyawa shi ne hanyar da waƙar ke bi, kuma kowace hanya sai ta yanka wa waƙa riga daidai jikinta.

A farkon zamanin su Ibrahim Narambaɗa, waƙa ba ta da ƙafa sai ta mai ita. Wanda yake son ya ji ta sai ya je ƙofar fadar Sarkin Gobir na Isa, ko ya jira wani da ya je ya dawo ya rera masa abin da kansa ya riƙe. Makaɗi da 'yan amshinsa ba su da agogo. Suna iya kwana a kan gindin waƙa ɗaya, jagora yana saƙa ɗiya, yana duban fuskar ubangida, yana ƙara zuga inda ya ga ta karɓu, yana sako zambo in ya hango abokin hamayya a cikin taro. Shi ya sa waƙa guda ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun daɗe da nuna cewa ginin waƙar Bahaushe a kan abu biyu yake: gindi, wanda ake komawa kansa, da ɗiya, waɗanda ke ɗauke da saƙo.

Da garmaho ya zo, ya zo da almakashi. Faifan farko bai ɗaukar fiye da minti uku ko ɗan sama da haka a kowace fuska, don haka makaɗin da ya saba raba dare dole ya dunƙule maganarsa. Rediyo ce ta fara ba waƙa fiffike na gaskiya. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryar Mamman Shata da ta Musa Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗan Maraya Jos har rugage da ƙauyukan da makaɗan ba su taɓa takawa ba, har Maraɗi da Damagaram, har zangon Hausawa na Kumasi. A can ne kuma aka sami abin da nake gani shi ne kakan duk wani "tura min" na yau, wato shirin Zaɓi Sonka. Mutum ya sayi kati, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai da masoyiya, ya zaɓi waƙa, ya aika, sa'an nan ya zauna makwanni yana kasa kunne. Ranar da aka karanto sunansa, unguwa duka ta san da zancen. Har ƙungiyoyi aka kafa na masu wannan zaɓe, mutanen da suka san juna da suna shekara da shekaru kafin su taɓa haɗuwa ido da ido.

Amma ni ɗan zamanin kaset ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wanda bai yi wannan zamani ba zai yi wuya ya gane irin matsayin rakoda a majalisa. Mai ita shi ne sarki. Batir kuwa karo-karo ake yi a saya, shi ya sa ba a yarda a ɓata shi wajen mayar da kaset baya. Sai a zura biro a ramin, a riƙa juyawa a iska har zaren ya koma farko. In rakoda ta tauna zare, sai a ciro shi a hankali kamar mai cire ƙaya, a yanke inda ya tauye, a liƙe da jan farce. Har yau akwai wata waƙar Haruna Uji da in na ji ta nake jiran ta yi tsalle a wani wuri, domin kaset ɗinmu a nan ya taɓa tsinkewa, kuma kunnena a haka ya haddace ta.

Kaset ya mayar wa makaɗi da abin da garmaho ya ƙwace masa, wato lokaci. Minti sittin ko casa'in ya isa a ji Bakandamiyar Shata a natse. Ya kuma koya mana wani irin sauraro: ba ka iya tsallake waƙa ba tare da wahala ba, don haka sai ka ji duka, har wadda ba ta burge ka ba a karon farko, wata rana kuma ka wayi gari ita ce ta fi zama maka a rai. A shagon mai kaset, in ka kai naka fanko, zai ɗaukar maka zaɓinka, Shata a wannan fuska, Barmani Choge a waccan. Saurayi kan haɗa irin wannan kaset ya ba ƙanen budurwa ya kai mata, abin da bakinsa ya kasa faɗa a dandali mawaƙi ya faɗa a madadinsa. Satar fasaha ce, babu ko tantama. Sai dai su Shata ba da cinikin kaset suke ci ba. Abincinsu yana wurin biki da sarauta da iyayen gida masu ba da riguna da dawaki da motoci da kujerar Makka. Duk kaset ɗin da aka kwafa talla ce kyauta.

Shata ya rasu a watan Yunin 1999, kuma kusan a daidai lokacin ne wani sabon sauti ya mamaye Kano. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne da Turmin Danya a 1990, amma Sangaya ne ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa na iya sayar da fim. Fiyano ya maye gurbin kalangu da kotso, mutum ɗaya a ɗan ƙaramin situdiyo ya zama shi ne makaɗi shi ne 'yan amshi. Namiji ya rera, mace ta amsa, kamar yadda aka saba gani a finafinan Indiya da aka shekara da shekaru ana kallo a silima. Manya suka raina abin, suka kira shi nanaye. Sunan ya bi shi, raini kuma bai hana shi cin kasuwa ba. A nan ne ido ya fara shiga harkar da a da ta kunne ce zalla. Sau da yawa ma mai kallo bai san wanda ya rera ba; jarumin da ya motsa baki a fim shi ake jingina wa waƙar, mai muryar yana can Zoo Road ba wanda ya san fuskarsa.

Wayar hannu ce ta fito da mawaƙan daga bayan labule. Layukan GSM sun shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kuma wayoyi masu ɗaukar memori suka cika kasuwa. Sai ga wata sabuwar sana'a: masu tura waƙa. Ɗan tebur, lema, tsohuwar kwamfuta, ƙaramin janareta, da lasifika tana ta kuwwa. Ka miƙa memori ka ce a zuba maka sababbi, shi ne zai zaɓa maka. Waɗannan samari, ba gidajen rediyo ba, su suka riƙa yanke hukuncin wace waƙa za ta tashe a gari. A wannan hanya ce sunayen Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Fati Nijar suka zama na cikin gida, aka kuma fara jiran albam na mawaƙi don kansa, ba don wani fim ba. Masoyan Nura M. Inuwa sun san yadda ake ɗokin sabon kundinsa kamar watan Sallah, a kwana ana gardamar wace ce ta fi a ciki, a ɗauko tsofaffi irin su Wasiyya a gwada da sabo.

Nisan da wannan sauti ya yi ta memori da Bluetooth ya wuce yadda da yawanmu suka sani. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita wanda yau yake cika zaurukan Turai da Amurka, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar nan ta na'ura da waƙoƙin finafinan Hausa suka shahara da ita. Ba a shago aka sayar da shi ba. Daga waya zuwa waya ya ratsa Sahara, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci waƙarsa a wayoyin mutane. Kamfanin nan kuma a 2013 ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa a faifai mai suna Harafin So. Abin da muka raina a gida muna ce masa nanaye, wasu suna can suna adana shi a faifan garmaho.

Da bidiyon waƙa ya tsaya da ƙafarsa, sai ya zo da nasa rigingimu. Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta buɗe wa bidiyon fili da shirin Zafafa Goma, matasa suka samu abin yin musu kowane mako. A 2016 kuma ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga masana'antar fim saboda fitowar da ta yi a bidiyon mawaƙi ClassiQ. Abin lura a nan, kalmomin waƙar ba su ne suka tayar da ƙura ba, hoton ne. Kunnen Bahaushe ya daɗe da saba wa jin abubuwa masu nauyi. Duk wanda ya san waƙoƙin amada na cikin gida ya san mata ba su taɓa jin kunyar habaici ba. Amma abin da kunne ya yafe, ido ba ya yafewa.

Sai kullen korona na 2020. Gari ya yi tsit, babu biki, babu majalisa, kowa na ɗaki da waya a hannu. A cikin wannan hali Jaruma ta Hamisu Breaker ta fito, matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna taka rawa a gaban mazajensu suna sakawa a intanet. Malamai suka yi wa'azi, masu barkwanci suka yi nasu, waƙa kuwa ta ƙara gaba. Daga nan kowane mawaƙi ya gane karatun. Bayan shekara biyu Ado Gwanja ya saki Warr da Chass, TikTok ya ɗauka, aka sake sabon cece-kuce.

Ga inda nake da ƙorafi, kuma na san za a ce tsufa ne. TikTok gindin waƙa kawai yake so. Daƙiƙa goma sha biyar ko talatin, wurin da ya fi daɗin rawa, shi ke nan. Ɗiyan, inda mawaƙi ke nuna ko ya iya Hausa, inda ake saƙa karin magana da kirari da hikima, sun zama kamar ƙashin da aka tsotse aka yar. Na sha tambayar yara su faɗa min abin da wata waƙa da suke ta rerawa take magana a kai, sai su yi dariya, don layi biyu kaɗai suka sani. Mawaƙi kuma ba wawa ba ne, abin da kasuwa ke saye shi zai kai mata. Albam mai waƙa goma sha biyu yana buƙatar mai sauraro mai haƙuri, ga data da tsada, ga waƙoƙi ɗari suna layi a bayan wadda kake ji.

Duk da haka ba zan ce an yi asara zalla ba. Yaron da ke Agadas ko Tamale ko Jidda yana jin sabuwar waƙa a daren da ta fita, daidai da na Fagge. YouTube da Audiomack da Boomplay sun ba mawaƙi hanyar samun wani abu daga sauraro kansa, abin da kaset bai taɓa ba Ɗan Maraya ba, ko da yake har gobe biki da siyasa su ne manyan iyayen gida. A tambayi mawaƙin siyasa Rarara. Sarauta ma ba ta saki waƙa ba, tunda a 2018 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa. Aminu Ala kuma ya nuna cewa ana iya ɗora Hausa mai nauyi a kan fiyano ba ta karye ba. Wani abin mamakin ma, wayar nan da nake zargi ita ce ta tono tsofaffin ɗaukar Ɗanƙwairo da Narambaɗa daga akwatunan da suka yi ƙura, har ka ga ɗan shekara ashirin ya ɗora muryar Shata a kan bidiyonsa na ranar Sallah.

Kwanan baya 'yata ta same ni ina sauraron Ɗan Maraya a tsakar gida. Ta tsaya jim, ta ce, "Baba, wannan abin da yake kaɗawa igiya nawa gare shi?" Na ce ɗaya. Ba ta yarda ba sai da ta nemo bidiyonsa ta gani da idonta. Ta zauna a bakin tabarma har waƙar ta ƙare, sa'an nan ta miƙo min wayarta.