Guzurin Farauta: Kada Ka Shiga Daji da Dogaro Kan Abin da Za Ka Harbo

Da zarar an kammala girbi ciyawa ta bushe, mafarauta kan fara haramar shiga daji, wasu na kwana biyu, wasu har mako guda. Za ka ga an wasa adda, an gyara bindigar toka, an tattara karnuka, amma batun ciki sai a ce, "In mun kashe ma ci." Nan haɗarin yake. Naman dawa ba ya ɗaukar alƙawari, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Guzurin kirki sharuɗɗa uku gare shi: ya kasance marar nauyi, mai ba da ƙarfi, wanda zafi ba ya lalata shi. Masana abinci sun nuna cewa giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal. Shi ya sa gyaɗa ke kan gaba: giram 100 na soyayyiyar gyaɗa ya haura kalori 550, alhali dafaffiyar shinkafa mai wannan nauyi ba ta wuce 130 ba. Ƙuli-ƙuli ma yana da kyau, sai dai an matse mansa, don haka bai kai gyaɗar ƙarfi ba.

A haɗa da dakuwa, da dabino don farfaɗowa nan take idan gwiwa ta yi sanyi, da kilishi ko dambun nama saboda gina jiki. Garin kwaki da sukari ba su da nauyi, jiƙawa kawai ake yi. Amma alala, ɗanwake da fura damammiya da nono, a cinye su ranar farko. Idan suka kwana a leda cikin zafi sai su yi tsami, zawo kuwa a tsakiyar daji ba abin wasa ba ne. Kada kuma a jira sai yunwa ta yi tsanani. A riƙa ɗan taɓawa a kan hanya.

Busasshen abinci mai yaji yana jawo ƙishirwa, saboda haka kowa ya riƙe jarkarsa. Ruwan tafki ko na kududdufi a tafasa shi kafin a sha. Wanda gumi ko zawo ya galabaitar, a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

A kula da abubuwa uku. Na farko, gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar da ita, gubarta tana illata hanta. Na biyu, a rufe guzuri ruf a roba mai murfi, a rataye shi a reshe, domin ɓera na yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, kuma cutar ta fi ƙamari da rani, daidai lokacin farauta. Na uku, goro da ƙwayoyi irin su tiramol ba abinci ba ne. Yunwa da gajiya kawai suke ɓoyewa, har mutum ya yanke jiki ya faɗi da makami a hannu.

Muna kira ga sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta: kafin a tashi, a duba jakar kowa kamar yadda ake duba makaminsa, musamman matasa sababbin shiga. A tabbatar kowa ya ɗauki abin da zai ishe shi, da rarar kwana guda ko da tafiya za ta yi tsawo.