Koyon Aikin Mataimakin Malami a Ajin Yara Masu Buƙata ta Musamman

'Yan'uwa, da wuya a sami ikilisiyar ƙauye da babu yaron da ba ya ji, ko ba ya gani, ko wanda karatu ke yi masa nauyi fiye da tsaransa. Wasu sanƙarau ne ya bar su da kurumta, kamar yadda aka gani bayan annobar 1996 a Kano, wasu kuma ƙyanda ce ta taɓa musu ido. A ikilisiyoyin nan kuma akwai matasan da suka gama sakandare suna zaune a gida. Muna so mu bayyana wani aiki da zai haɗa su da waɗannan yara, wato aikin mataimakin malami.

Malami yana gaban allo ne da aji guda a kansa. Mataimaki shi ke zama kusa da yaro ɗaya ko biyu, ya tabbata darasin ya kai gare su. A Ingila an tsara koyon aikin: matashi yakan yi kamar wata 18 yana aiki a makaranta, ana biyansa, yana ɗaukar darasi, sannan a jarraba shi. A wurinmu an fi koyonsa yadda ake koyon ɗinki, a hannun wanda ya iya.

Wanda ya zo Kano da wannan niyya, in ya sauka a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, yana kusa da wurare biyu da ya kamata ya sani. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, inda ake auna jin yaro a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai kuma makarantar gwamnati ta kurame da makafi a Tudun Maliki, ta wajen titin Gidan Zoo. Ya je da takarda daga shugabannin ikilisiyarsa, ya nemi iznin hukumar makaranta ya zauna a aji ya ga yadda ake yi.

Abu na farko da zai koya shi ne magana da hannu, kuma iri biyu ce. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, kuma yaro yakan zo daga gida da alamun da ya saba da su. A makaranta kuwa ana koyar da wadda ta samo asali daga Amurka, wadda Andrew Foster, wani ɗan mishan kurma, ya yaɗa tun da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Sabon yaro yakan rikice tsakanin biyun, to, mataimakin da ya san duka shi ne gada. Kada ya raina alamun gida, domin da su yaron ke magana da uwarsa in ya koma hutu. Ya kuma zaunar da shi a gaba, inda zai ga fuskar malami cikin haske. Ɗaga murya ba ya ƙara kome.

Ga makaho akwai rubutun Braille, ɗigo shida da ake karantawa da yatsa. Ana huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, a juya ta a karanta daga hagu zuwa dama. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato, wadda mishan ta kafa a 1953, ta daɗe tana koyar da shi. Wajen tafiya, yaro ne ke riƙe gwiwar hannun jagora, jagora yana ɗan gaba kaɗan. Ba a jan sa da sanda.

Haka nan farfaɗiya. In ta kama yaro, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki, in ta lafa a kwantar da shi a gefe. In ta wuce minti 5, sai asibiti. Ba a ɗaukar ta ta wurin yawu, ko da yake mutanenmu da yawa sun gaskata haka.

Amma abin da ya fi wuya a ganinmu shi ne riƙe hannu. Tausayi yakan sa mataimaki ya ɗaura wa yaro takalmi, ya rubuta masa amsa, ya ɗauke shi inda zai iya zuwa da kansa. Shekara za ta ƙare yaron bai koyi kome ba. Sai a raba aiki ƙanana ƙanana, a nuna, a jira, ko da za a yi mako ana koyon ɓalla maɓalli ɗaya. Mataimaki ya riƙe littafi yana rubuta abin da yaro ya iya yau, ya nuna wa malami da iyaye. Wajen kai yaro bayan gida, mace ta kai mace, namiji ya kai namiji, da sanin malami.

Wanda ya ga aikin ya karɓe shi, ya nemi takardar NCE, domin ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo ta keɓanta ga wannan fanni tun 1977, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos kuma suna da sashensa. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da 'yancin karatu.

Kafin nan, dattawa da zumuntar mata su ƙirga yaran da ke gida ba sa zuwa makaranta, su zaɓi matashi ɗaya mai haƙuri, su haɗa masa kuɗin mota da na abinci na zangon karatu guda. In ya dawo, ya fara da ajin Makarantar Lahadi.