Dabarun Barkwanci a Fina-finai Marasa Sauti

Gabatarwa

Daga shekarar 1895 zuwa ƙarshen shekarun 1920, fina-finan da ake nunawa a Turai da Amurka ba su ɗauke da murya. Motsi kawai mai kallo yake gani, sai ɗan rubutun da akan saka tsakanin fitowa da fitowa, da kuma makaɗin fiyano da ke raka hoton da kiɗa a gidan sinima. Wannan ya tilasta wa 'yan wasan barkwanci isar da saƙo da jiki da fuska. Ga wasu daga cikin dabarunsu.

1. Sanin Mai Kallo

A wani gajeren fim na Louis Lumière na ƙasar Faransa, wanda ya fito a 1895, wani yaro ya taka tiyon mai ban ruwa a lambu. Da ruwa ya tsaya, sai mutumin ya leƙa bakin tiyon, yaron kuwa ya ɗage ƙafa, ruwa ya fesa masa a fuska. Abin da ya haifar da dariya a nan shi ne mai kallo ya riga ɗan wasa sanin abin da zai faru.

2. Guje-guje

Kamfanin Keystone, wanda Mack Sennett ya kafa a 1912, ya shahara da nuna 'yan sanda suna bin mai laifi suna tuntuɓe da juna. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani. Idan aka rage saurin juyawa yayin ɗauka, gudun yakan ƙara sauri yayin nunawa.

3. Sauya Amfanin Abu

A fim ɗin The Gold Rush na 1925, yunwa ta sa Charlie Chaplin ya dafa takalminsa, ya ci shi cikin natsuwa irin ta attajirai, yana naɗe igiyar kamar taliya. Wato an haɗa talauci da ƙasaita a wuri guda, dariya ta zo tare da tausayi.

4. Kasada

A Safety Last! na 1923, Harold Lloyd ya rataye a hannun agogon wani dogon bene. A Steamboat Bill, Jr. na 1928, bangon gida ya faɗo kan Buster Keaton, ya tsira saboda ya tsaya daidai inda taga take. Fargaba ce ke fara kama mai kallo, sannan dariya ta biyo baya.

Kammalawa

Fitowar The Jazz Singer a 1927 ta buɗe ƙofar fim mai magana, amma dabarun nan ba su mutu ba. Wajibi ne ɗalibin wasan kwaikwayo ya lura cewa kowanne daga cikinsu yana da shimfiɗa, da jan rai, da warwarewa. Idan ɗan wasa ya gaggauta ko ya jinkirta ɗaya daga cikin matakan uku, dariyar ba za ta zo ba.