Haɗin Kan Ɗalibai a Ajin Turanci

Tara ɗalibai biyar a benci guda ba shi ne haɗin kai ba. Sau da yawa wanda Turanci ya zauna a bakinsa shi ke kwashe zancen, sauran kuwa su yi gum don gudun dariya. Dabarar da Elliot Aronson ya ɓullo da ita a birnin Austin na Amurka cikin 1971 ita ce a yayyanka darasi, a damƙa wa kowane ɗalibi yanki guda. Labari ba ya cika sai kowa ya bayyana nasa. Ta haka dole gwanin ajin ya kasa kunne ga mai kame-kame, har ya taya shi lalubo kalma, domin jarrabawa za ta taɓo yankin kowa.